Tsohuwar Tayar da Muka Kai Abuja

Tun da muka dawo daga Abuja ban samu na zauna a kan keken ɗinkina yadda ya kamata ba. Mai kawo yadi ya ajiye ya ja benci, wanda bai da yadi ma ya ja benci, tambayar kuma ɗaya ce: wai me ya faru a can? Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya fita daga shagon sai ya ƙara wa labarin nasa gishirin. Jiya har na ji wai jirgin sama muka hau. To ga shi a rubuce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in gama rigunan mutane.

Ga wanda ba ɗan Dogon Dutsi ba, bari in fara da Idi. Ɗan kawuna ne, Kawu Tankari, wan mahaifiyata. Taubashina ke nan: shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka a wasanmu shi ne ubangida ni ne bawa, ko da yake na girme shi nesa ba kusa ba. Ya yi shekaru yana dako a bakin teku a Abijan, ya komo ba mata, ba shanu, sai wani jan moto, wato babur, irin na tsere wanda ake kwanciya a kansa rub da ciki. In ya tayar da shi a tasha, ana jin ƙarar har bayan dutse. Samari suka sa masa Idi Guguwa, shi kuma ya karɓi sunan hannu biyu.

Bayan kaka ya faɗi da moton, ya shigo gida da kafaɗa a goce. Ba wanda ya ga faɗuwar, amma duk gari ya ji labarinta daga bakinsa. Wai a wata kwana ce wajen Kore Mairuwa, allurar gudu ta kai ƙarshe, ya kwanta har gwiwarsa tana shafar gudron, wato kwalta, sai tayar baya ta ci amanarsa. Samari suka yi ta jinjina masa. Kawu kuwa ya rage cin abinci, domin babban ɗansa, Hasan, a kan moto ya rasu a wannan hanyar, tun Idi yana sabon tashi. Sai ya aika aka kira ni zaurensa.

Ya ce, "Mamman, moton ga ko saidawa za a yi sai da taya, kuma an ce babu irinta nan, babu Doso, babu Yamai. Ku tahi inda take ku sawo. Amma ba taya na aike ka gani ba, yaron ga na aike ka gani. In kun komo kai zan tambaya gaban mutane. In kac ce kashe kainai za ya yi, ran Juma'a moto ya shiga kasuwa."

Na ce to. A raina kuwa na riga na san amsar da zan bayar, ko ba a je ko'ina ba. Na fi son Idi ya yi fushi da ni da in sake ganin Kawu a zaman makoki.

A garinmu ba a zuwa sayen kayan gyara da baki kawai. Tsohon ake ɗauka a kai wa mai shago ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Idi ya ce ai akwai lamba a jikin tayar, ya ma ɗauke ta hoto a waya. Kawu ya ce hoto bai da faɗi. Aka kwance tayar baya, wata ƙatuwa da ta kusa bahon wanki, Idi ya mirgino ta gabana ya ce, "Bawa, ɗauka."

A tasha direba ya ce a ɗora ta bisa, amma bisa ta cika da buhunan albasa da wani rago mai baƙin rai, saboda haka a kan cinyata ta ƙare. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta dubi ramin tsakiyar, ta dubi kazar da ke hannunta, ba ta ko nemi izini ba ta saka ta ciki. Haka muka yi tafiyar, ni da taya da kazar mutane, har muka bar gudron muka kama hanyar Tibiri. Idi yana gaba kusa da direba yana ba shi labarin faɗuwarsa, kuma na lura gudun ya ƙaru tun wancan karon da na ji shi.

A Tibiri muka sauka wajen Gwaggona Kande, ƙanwar mahaifina, wadda ba a wuce ƙofarta da yunwa. Ta dama mana hura, ta kawo dambu da kopto, kwaɗon ganye ke nan, ta tambayi lafiyar kowa har da waɗanda suka rasu ba ta ji ba. Da za mu tashi ta ce ba ta ga jakar guzurinmu ba. Muka ce babu. Ta kira mu sakarkaru, ta jawo tayar, ta cusa ƙuli-ƙuli da kilishi da ƙullin yaji a cikin zagayen, ta toshe da tsumma. Gaskiya ban taɓa ganin jakar da ta kai ta riƙe kaya ba.

Daga nan zuwa iyaka sai kabu-kabu, baburan haya, cikin rairayi. Babu yadda za ka riƙe taya irin wannan a bayan ƙaramin moto sai dai ka shiga cikinta, don haka na zura kai da hannu ɗaya na rataya ta kamar gafaka. Yaran ƙauyukan da muka ratsa sun samu kallo kyauta. Idi yana kan kabu-kabun gaba, ya ƙanƙame rigar mai tuƙin da hannu biyu, ina jiyo shi yana cewa, "Sannu-sannu dai, abokina, ba mu sauri." Na ɗauka raini ne irin na mai babban moto ga ƙarami.

A iyaka namu 'yan duwan, wato kwastan, ba su ce komai ba, sun san Kawu. A ɗaya gefen ne wani jami'i mai furfura ya zagaya ni sau da yawa kafin ya yi magana.

"Malam, na daɗe a wurin nan. Tayoyi daga wajenmu suke fita zuwa wajenku, sababbi da tsofaffi. Yau ne na fara ganin tsohuwa ta juyo. Me ke ciki?"

Na ce abinci ne. Wannan amsa ba ta taimake ni ba. Ya kira abokan aikinsa, aka shimfiɗa buhu, aka zazzage guzurin Gwaggo a bainar jama'a, ana fasa ƙuli-ƙuli ɗaya bayan ɗaya ana shinshinawa. Da suka tabbata ƙuli-ƙuli ne, kunya ta kama mai furfurar, ya taya ni mayarwa da hannunsa. Na ba shi kilishi, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba, muka rabu muna yi wa juna addu'a.

Argungu da Birnin Kabi ba baƙunta ba ce a wajenmu. Bakinsu bakinmu, tuwonsu tuwonmu, rabinsu ma in ka bi salsala dangi ne. Abin da ya dame ni a tashar Birnin Kabi wani mai yanka takalman taya ne da ya bi ni har bakin masallaci yana taya kayana. Ya ce gefenta sabo ne fil, zai fitar da takalma masu kyau. Idi ya kore shi da faɗa fiye da yadda abin ya kai.

Bayan Kwantagora harshe ya fara canzawa. Na nemi hura a wani zango, mai sayarwa ta sa na maimaita don ƙawarta ta ji. Burodinsu kuwa zaƙi ne da shi da laushi, ka matsa shi ya koma dunƙule, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Shayi kuma ba a zama a dafa shi a kan gawayi ana hira. Mai shayi zai cika maka wani kofi da ya isa alwala, ya zuba madara, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri. Na sha, ban ce bai da daɗi ba, amma ban san sunan ko mutum ɗaya da na sha tare da shi ba.

A Abuja wani mutumin Sukukutane, Gado, ya sauke mu. Gadi yake yi a wani bene da aka fara ginawa aka manta da shi. Ɗakinsa bai kai shagona ba, mu uku muka raba tabarma, tayar ta zama matashina. Gado ya ce shekarunsa da yawa a layin bai san muryar maƙwabcinsa ba, amma ya san sunan karensa, ya kuma san ranar da ake kai karen ganin likita. Ya kai mu wajen wata mata mai sakwara. Ni da nake taƙama da yajin Arewa, loma kaɗan na yi hawaye suka zubo, matar ta miƙo mini ruwa tana tambayar Gado ko rasuwa aka yi mana.

Mun zagaya shaguna da tayarmu, kowa ya duba ya girgiza kai. A ƙarshe wani ya ce mu jira Asabar, mu je wani fili a bayan gari inda masu manyan babura suke taruwa, mai kawo musu tayoyi yana zuwa can da motarsa.

Filin nan kwalta ce aka shimfiɗa mai lanƙwashe-lanƙwashe, ta zagaya ta komo inda ta fara. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa gona, ba jaki, ba akuya. Na tuna hanyar Tibiri da muka sha rairayinta. Mutanen kuwa manya ne, masu tumbi da furfura, sun shiga rigunan fata daga wuya har idon sawu a cikin wannan rana. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda suke tarairayar taya. Sun ɗage baburan a kan ƙarfe, sun lulluɓe kowace taya da bargo mai lantarki wai don kada ta yi sanyi. Wani ya durƙusa yana rage iska kaɗan-kaɗan yana duba ma'auni, alhali mu a gida sai an hura taya ta yi tauri kamar dutse hankali yake kwanciya. Wani kuma ya ƙi sayen sabuwar taya dal, wai ya duba ranar haihuwarta a gefe ya ga ta tsufa a shago. A bayan rumfa na ga tarin waɗanda suka yar, kowace a cikinsu za ta yi wa ɗan kabu-kabun garinmu shekara, in da za ta shiga motonsa.

Gaisuwarsu ma daban ce. Mu in baƙo ya zo sai a tambaye shi ɗan wane ne. Su kuwa in mutum ya tsaya da babur, kafin a dubi fuskarsa sai a sunkuya a dubi gefen tayarsa.

Idi ya ga abin da ya kawo shi nan da nan. Taya ce sumul, ba zane ko ɗaya, irin wadda ya saba gani a hotunan waya. Na ce masa a garinmu jandarma zai tare shi a kan wannan, ya ce ta suɗe. Ya ce in yi shiru, ban san komai ba, ya fara ba mai tayoyin labarin kwanar Kore Mairuwa da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Suka kuwa ji. Wani babur baƙi ya tsaya kusa da mu, mai shi ya cire kaske, wato hular kwano, sai ga mace, babba, da ɗankwali a ƙarƙashi. Aka ce mana likitar haƙori ce, suna kiranta Dakta. Ta gaishe mu da Hausa mai kyau, ta nuna abin da ke rataye a kafaɗata ta ce, "Wannan ce ta kayar da kai? Kawo in gani."

Ta tsayar da ita a ƙasa, ta tsuguna, ta shafa tsakiyar da ta cinye ta yi fele-fele, sannan ta kai yatsa gefe. Wasu suka matso. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Ta ce, "Ɗan'uwa, ka ga wannan ɗan gashin roba a gefe? Da shi ake fito da taya daga masana'anta. Ranar farko da mutum ya kwanta a kwana yake gogewa. Naka yana nan dama da hagu. Wannan tayar ba ta taɓa kwanciya ba, a tsaye ta yi rayuwarta."

Idi ya ce hanyoyinmu ne miƙaƙƙu. Ta ce haka ne, ta yarda, kuma ba abin kunya ba ne. Sai ta yi mana bayani dalla-dalla, har ni tela na gane. Sumul ɗin nan ta fili ce. Robarta taushi gare ta, amma ba ta kama ƙasa sai ta yi zafi sosai, kuma gudu da birki mai ƙarfi ne suke riƙe mata zafin. In ta huce, ko ta taka ruwa ko rairayi, santsi take yi, ga shi ba ta daɗewa take ƙarewa. Ta titi kuwa tana da zane don ruwa, tsakiyarta da tauri don doguwar hanya, gefenta da taushi, kuma tana kama ƙasa tun daga ƙofar gida. Akwai ta tsakani, ga mai zuwa aiki ranar Litinin ya zo fili ranar Asabar.

Ta ce, "Ba wadda ta fi wata. Kowa tayar irin tafiyarsa yake saya. Ga babur ɗina na biyu can, ga kaske, ga riga. Zagaya mu ga tafiyarka, sai mu san taka."

Babu hanyar ƙi, mutane suna kallo. Idi ya shiga rigar fata, ya hau, ya murɗa, ƙara ta tashi irin wadda muka sani a gida. Sai ya tafi. Jama'a, na sha ganin mai kai ƙwai kasuwa a kan keke, bai kai Idi taka-tsantsan ba. A miƙaƙƙen wuri ƙara kamar za ta tsaga kunne, amma babur ɗin yana tafiya a hankali. Wani dattijo kusa da ni ya ce ai bai fita daga ƙaramar giya ba, shi ya sa ƙarar. A kwana kuwa sai ya miƙe zaune sak, ya sauke ƙafa ɗaya tana neman ƙasa. Da ya komo ya zo cire kaske, ya kasa kwance igiyar. Dakta ta kwance masa, ta ce wa mai tayoyin ya kawo ta titi, gaba da baya.

Sai da muka shiga motar dawowa ya buɗe baki. Ya ce faɗuwar ma ba a kwana ba ce. Ya tsaya fitsari ne a gefen hanya, ya zo juyawa, rairayi ya ja tayar, moton ya danne shi. Na yi niyyar in yi masa tsiyar da ta dace da taubashi, na ga fuskarsa na fasa. Tausayi ya kama ni, tare da wani daɗi da na ji kunyar nunawa.

Ya ce, "Mamman, don Allah kada ka hwaɗa ma kowa. Ka yar da tsohuwar ga nan."

Na ce, "Dakor, na ji. In na yi shiru, abin da Kawu ya sani shi na labarin da kab bayar da bakinka, kuma ran Juma'a moto ya tahi. In na yi magana moto ya tsaya, Guguwa ya tahi. Zaɓi guda, ubangida."

Bai zaɓa ba. A Birnin Kabi ya nemo mai takalman nan da kansa, na ƙi sakin tayar. A Tibiri na kama shi a bayan ɗakin Gwaggo yana goga gefen tayar da dutsen wanke ƙafa, na ƙwace kafin ya gama gefe ɗaya. Haka muka iso gida, shi da sababbi biyu a naɗe cikin leda, ni da tsohuwa a kafaɗa.

Bayan la'asar muka sami Kawu a zaure tare da dattawan da suke zama da shi, kuma kowa ya san abin da aka faɗa a gabansu ya gama gari kafin magariba. Aka gaisa, aka duba sababbin tayoyi, aka yaba zanensu. Sannan Kawu ya juyo ya ce, "To, Mamman. Mi kag gani?"

Na ajiye tsohuwar a gabansa, na dubi Idi. Na ba shi lokaci ya hana ni, bai hana ba. Na buɗe baki ke nan sai ya riga ni.

"Baba, ƙarya ta nike yi. Ban taɓa gudu da moton ga ba, ƙara ta kawai. Tsoro nike ji."

Wani daga cikin dattawan ya fara murmushi, Kawu ya dube shi, murmushin ya koma. Na kama hannun Kawu na ɗora a gefen da Idi bai samu gogewa ba, na gaya masa abin da likitar ta ce game da gashin robar. Ya daɗe yana shafawa da babban yatsa, yana bin zagayen a hankali har ya komo inda ya fara.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Idi ya ce, "Tun randa anka kawo Yaya Hasan. In na doshi kwana, shi nike gani."

Kawu bai ɗago ba. Ya ce, "To ka ci gaba da ganin shi. Ku tahi a ɗaura sababbin. Wagga ku bar mini ita nan."

Washegari da hantsi na ji ƙarar nan ta taso daga tasha, tana girgiza kwanon shagona kamar kullum. Na leƙa. Ga jan moto da sababbin tayoyi, ga Idi kwance rub da ciki a kansa, sai wani ɗan kabu-kabu ɗauke da mace da buhun gero ya zo ya wuce shi yana ɗaga masa hannu. A ƙofar zaure Kawu yana zaune da kwanon hura. Da can in ya ji wannan ƙarar sai ya miƙe tsaye har ta ɓace. Ranar nan bai ko ajiye ludayin ba.